Gurnani Kafin Lilo

Allah ya yi wa unguwar bayan tashar jirgi a Bandung baiwa biyu: ruwan sama, da Kang Yayat Ruhiyat makaɗin jita. Ruwan yakan ɗauke wani lokaci. Kang Yayat bai taɓa ɗaukewa ba.

Shi ne shugaban makaɗan unguwa, su biyar, masu raya bukukuwan aure da na kaciya. Matasa sun raɗa masa Farfesan Waya. Da yake mutum ne mai tawali'u, bai musa ba, sai ya sa aka buga masa sunan a bayan riga.

Arzikinsa wani allon katako ne mai ɗauke da 'yan akwatuna tara da ake takawa da ƙafa, kowanne yana sauya muryar jita kafin ta isa lasifika. Biyu ne sanyin idonsa. Akwai ja, mai sa jita gurnani kamar damisar da aka taka wa wutsiya. Akwai shuɗi, mai sa sauti lilo, ya tafi ya dawo kamar igiyar ruwa. A kan waɗannan biyun ya gina mazhabarsa.

"Gurnani kafin lilo!" Haka yake faɗa wa kowa, har mai sayar da gas. "Sauti ya fara fushi, sannan a lallashe shi. Wanda ya sa lilo a gaba, gurnani zai tauna masa shi ya zama taɓo. Irinsu ne masu juya faten shinkafa da cokali kafin su sha. Ni ko ina barci aka buga, kunnena zai gane."

Ga hujja kuwa a fili: ja a farkon layi ta hagu, shuɗi a can ƙarshe ta dama, tsaf kamar rubutu a littafin makaranta. Wayoyin suna ɓoye a ƙarƙashin allo. Mang Oding mai gyaran talabijin ne ya haɗa su shekara sha biyu da suka wuce, don Farfesan Waya ba ya taɓa waya. "Hannun da ke taɓa tsirkiya," in ji shi, "ba ya taɓa dalma."

Ana nan sai bidi'a ta ɓulla a cikin gida. Euis, mai buga jita ta biyu, tela ce da ta ɗinka riguna ba adadi kafin ta mallaki akwatuna biyu na hannu. Ta gwada nan, ta gwada can, ta ji lilo kafin gurnani ya fi yi mata daɗi, ta bar shi haka. Saura kwana biyu bikin 'yancin kai, ranar da za ta fara hawa dandamalin unguwa. Mahaifiyarta har ta yanki tikitin mota daga Garut don ta gani da idonta.

Ran nan da la'asar, wurin gwaji a garejinsa, Kang Yayat ya leƙa gaban ƙafarta ya dafe ƙirji.

"Neng Euis, ko dai ki gyara, ko ki kalli bikin daga ƙasa tare da masu sayar da masara. Ba zan hau dandamali da taɓo ba."

"Kang, ai kunnena ne ya zaɓa."

"Kunnenki shekararsa nawa?"

Don kada a ce ya yi zalunci, ya shirya darasi. Ya buga tasa jitar, ya lumshe ido. "Ku ji tsafta! Kamar ruwan dutse." Ya karɓi tata ya buga, ya yamutsa fuska. "Ku ji fate."

Cecep mai ganga ya sosa ƙeya. "Ni dai, Kang, kamar uwa ɗaya uba ɗaya na ji su."

"Shi ya sa aka ba ka sanduna, ba a ba ka jita ba."

Euis ta dubi allonsa. Tela ce, in ɗinki ya ba ta mamaki, zare take bi. Ta durƙusa ta kama wayar da ta fito daga jitarsa, ta bi ta da yatsa har inda ta shige allon.

"Kang, wayarka ta dama ta shiga."

"To ta ina za ta shiga, ta taga?"

"Wa ke zaune a dama?"

Shuɗi ne ke zaune a dama. Garejin ya yi tsit, har ana jin mai tallar bakso, miyar curin nama, yana ƙwanƙwasa kwanonsa a layi na uku.

Aka kira Mang Oding, wanda ke falo yana gyaran fanka. Ya zo da sukudireba a bayan kunne, ya duba, bai ga abin mamaki ba.

"Ai duk akwatunan nan bakinsu a dama yake, bayansu a hagu. Daga dama sauti ke tafiya. Ka ce ja a hagu, shuɗi a dama, na jera maka. Ba ka tambaye ni ta ina sautin zai bi ba."

"Shekara sha biyu, Mang?"

"Da wata huɗu."

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Amma babban mutum ba ya faɗuwa, sai dai ƙasa ta taso ta same shi. Kang Yayat ya ba da umarni a juya akwatunan yanzu-yanzu, a dawo da gaskiya mazauninta. Mang Oding ya juya. A karon farko a rayuwarsa, Farfesa ya buga gurnani kafin lilo.

Sautin ya fito tsaf, siriri, mai ladabi, kamar na kowa.

Sai ga muryar matarsa, Teh Nining, daga kicin: "Kai, wane baƙo ne ke taɓa jitar mijina? A ajiye masa kayansa kafin ya dawo!"

Kafin a tashi, Mang Oding ya mayar da akwatunan yadda suke, aka ba shi kofi da ƙosan kayan lambu, aka roƙe shi ya riƙa mantuwa.

Ranar biki Euis ta hau dandamali, lilonta a gaba, mahaifiyarta a kujerar farko tana ta nuna wa mutane ita da lema. Kafin a fara, Kang Yayat ya karɓi makirufo, ya gyara rigar nan mai suna.

"Jama'a, yau zan bayyana muku abin da Turai da Amurka ba su kai gare shi ba. Lilo kafin gurnani! Shekara sha biyu ina wannan bincike a asirce. Ɗalibata Euis ce ta farko da ta cancanci na buɗe mata."

Aka yi tafi. Gaskiya kuwa ya faɗa, binciken ya asirtu ƙwarai. Shi kansa mai binciken sai shekaranjiya ya samu labari.