Rasuwar Zinariya, da Rabin Bangon Inna a Cikinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, da hannun da har yanzu yake warin tina ta wanke burushin fenti, ni Zaharaddeen Gambo, mai zanen shaguna da bangwaye a Safana, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk masu shagon da na yi wa aiki, waɗanda suka yaba da waɗanda kunya ta sa suka yi shiru, rasuwar abokiyar sana'ata Zinariya. Ga wanda bai san ta ba, kwamfuta ce irin mai faɗin allon karatu, wadda 'yan birni ke kira tabilet. Ta rasu ranar Laraba da hantsi bayan gajeruwar jinya, a hannun wanda ya yi sanadinta, wato ni.

Marigayiyar ta shigo hannuna da shekarunta, don ba ni ne mijinta na fari ba. Ta zo da tsaga a kusurwar fuska, bayanta kuma ruwan gwal ne da ya fara koɗewa, shi ya sa na raɗa mata sunan. Kafin zuwanta, mutanen Batsari shaida ne a kan irin zanen da nake yi. Na taɓa zana wa wani mahauci rago a ƙofar rumfarsa, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya roƙe ni don girman Allah in shafe kafin a ce naman kare yake sayarwa. Zinariya ce ta rufa mini wannan asirin. Sai in ɗauki hoton bangon mutum, in zauna a inuwa in yi zanen a fuskarta da yatsa, in nuna masa shagonsa a gyare tun ban buɗe gwangwanin fenti ba. In ya ce a ƙara wa kazar ƙiba a ƙara, in ya ce koren ya yi yawa a rage. Sai mun daidaita nake hawa tsani, ina kallonta ina kwafa.

Cikin kyawawan halayenta babu kamar yafiya. Ko wace irin ɓarna na yi, in na taɓa ta da yatsu biyu sai ta mayar da ni baya, kamar ban taɓa kuskure ba. Na saba da wannan alheri har ya lalata ni. Wata rana a Karare, ina kan tsani a gaban shagon aski, burushi ya zame ya ja layi baƙi a kan haɓar mutumin da nake zanawa. Sai kawai na sa yatsu biyu ina ƙwanƙwasa bangon siminti ina jira layin ya ɓace. Masu jiran aski suka zuba mini ido. Har yau akwai mai tambayata ko jikin da sauƙi.

Ba ta da yawan magana. In ta ɗauki hoto ta ce ƙyas. In yunwa ta kama ta sai ta yi tut-tut a hankali, kamar baƙuwar da ke jin nauyin masu gida, in kuma an sa mata caji ta ce tilin, shi ke nan. Ta hau babur da ni, ta hau bayan a-kori-kura a tsakanin buhunan gero, ta sha rana a aljihun rigata, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Game da ciwon ajalinta, gara a ji daga bakina kafin a ji a teburin mai shayi. Ina da wata dabara da nake alfahari da ita. In zan haɗa kala, sai in ɗiga fentin gaske a gefen fuskarta, kusa da kalar da take nunawa, in yi ta ƙara fari ko ja har su zo ɗaya. Na sha nuna wa abokan sana'a wannan hikima ina hura hanci. Ranar Talata na ɗiga fentin mai, aka kira salla, na dawo na tarar ya bushe. Duk mai fenti ya san maganin busasshen fenti. Na ɗauko kwalbar tina, wadda nake wanke burushi da ita, na tsiyaya mata a fuska yadda ake yi wa burushi, har da bismilla. Tinar ta sami tsagar nan ta kusurwa ta shige. Da farko fuskar ta yi layi-layi masu kyau, har na tsaya ina sha'awar kalar. Daga nan ta yi duhu, ta yi tut sau ɗaya, ba ta ƙarasa na biyun ba.

Washegari na goya ta zuwa Batsari wurin Salmanu mai gyaran waya. Ya buɗe ta, ya sunsuna, ya ɗago ya dube ni.

"Maigida, mi ka zuba mata?"

Na faɗa masa. Ya ajiye sukundireba ya ce, "Wannan ai ba gyara take so ba, haƙuri za a ba ka. Cikin duk ya cinye. Ba na ce ka riƙa tura hotunanka wani wurin ba?"

Ya faɗa, ba sau ɗaya ba. Ni ne na ce masa ban yarda da ajiyar da ba na gani da idona ba.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaure da salatif a wuya, da rigar roba da ta sha fenti kala-kala, da ni. Ta kuma bar rabin bango a gidan Mahfuza, matar maƙwabcina, kuma a nan ne dariyar take ƙare mini.

Shekarun baya, lokacin ana bin hanya hankali kwance, na je aiki wani ƙauye a bayan Runka. Na ga wani zaure da aka yi wa ado a fuska, zanen ƙasa na hannu, an bi shi da shuɗi da fari. Ya burge ni, Zinariya ta ce ƙyas, na wuce abina. Ashe zauren marigayi Malam Hashimu magini ne, mahaifin Mahfuza, shi ya yi shi da hannunsa. Daga baya rashin tsaro ya tashi ƙauyen, damina ta bi gidajen da ba kowa, zauren ya kwanta. Matarsa, Inna Nana Hadiza, ta dawo Safana wurin 'yarta da ƙullin kaya ɗaya. Da ta ji ina da hoton, ta aiko aka kira ni. Ta riƙe Zinariya da hannu biyu ta duba hoton, sannan ta ce, "Ɗan nan, ka sa mini shi a bangon da nake kallo in na zauna. Ba zan koma in gan shi ba."

Mahfuza ta ce in tura mata hoton a wayarta. Na ce ta bari sai na gama. Gaskiyar magana ba na so ne su riƙa kwatanta aikin Malam da nawa ina tsakiyar yi, su ga inda hannuna ya gaza. Saboda wannan girman kai hoton bai kwana ko'ina ba sai a cikin Zinariya. Na gama gefen hagu. Shuɗin gefen dama nake haɗawa ranar da na ɗauko kwalbar tina.

Na je na durƙusa na faɗa wa Inna. Na so ta yi faɗa, da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, "Gidan ma ya faɗi ban mutu ba, Zaharaddini. Tashi." Ta juya tana kallon farin gefen da ba komai. Can ta ce, "A nan akwai abin da Malam ya ƙara shekarar da aka haifi Mahfuza. Jiya na yi ta so in tuna ko ganye ne ko kan takobi, abin ya ƙi zuwa." Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin farashin gero. Ni na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yanzu ina jin ta.

Na tambayi Malam Sule, limamin unguwarmu, ko ya halatta in ce Allah ya jiƙanta. Ya ce in ce Allah ya mayar da alheri, in kuma nisanci tina. Na karɓi fatawar duka biyu.

Game da jana'iza, ba za a kai ta ko'ina ba. Salmanu ya nemi a bar masa batirin da 'yan kusoshin, iyalai sun amince. Sauran gawar tana nan a akwatin burushi, inda wanda ya kashe ta zai riƙa ganinta kullum da safe.

Zaman makoki kuwa za a yi shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a tsakar gidan Mahfuza, gaban bangon, da izinin maigidan. Ba a buƙatar goro, kuma masu zuwa don su yi mini dariya su dakata a waje, zan fito in same su in an tashi. Waɗanda ake nema su ne mutanen ƙauyen nan na bayan Runka, duk inda zama ya kai su, Safana ko Batsari ko Karare, maza da mata. Duk wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar Malam Hashimu, ko ya sha inuwar zaurensa, ko ya ɗaure jaki a gefensa, don Allah ya zo ya tsaya ya faɗi abin da idonsa ya riƙe na gefen dama, ko da layi ɗaya ne. Zan tsaya da alli a hannu in zana abin da aka faɗa, a ce ba haka ba ne in goge da tsumma in sake, ba zan yi musu da kowa ba. Inna za ta zauna a kan tabarmarta, kuma ba zan buɗe fenti ba sai ta ce shi ne.