Shalen Bakwai ga Watan Bakwai

Waya ta ci mutuncina a gaban uwar mijina, kuma ban yafe ba. Sai da na haura arba'in na koyi karatu, daga nan na ga babu wanda ya kai ni ilimi a unguwarmu ta Shisha, nan ƙasa mai tsarki. Da za mu hutu bakin teku a Shu'aiba, maigida ya ce, "Kawo wayar in kama mana shale, gidan hayar da za mu sauka."

Na ce, "Alhaji, ni da na ci jarrabawa? Matsa."

Na danna bakwai ga watan bakwai, Rajab nake nufi. Ranar muka isa da mota uku da tukunyar dafa-dukan kabsa. Mai gadi ya duba wayar, ya dube ni. "Hajiya, wannan Yuli ne, lissafin Miladiyya. Saura wata shida."

Uwar mijina ta ce, "Masha Allah, Malama. Wannan sammako, sai masu ilimi."

A gefen titi muka ci kabsar. Washegari na rataya kalanda mai lissafi biyu a kicin. Har yau in na ce biki ranar Juma'a ne, sai a tambaye ni, "Hijiriyya ko Miladiyya?"