Biskit ɗin Dokta Babu-Alkama

Wanda bai san Mista Obadiah Abarshi ba bai san Samaru ba, a mota kawai ya ratsa ta. Shekara talatin da biyu ya yi yana buga hatimi a wani ofis, kuma har yau in yana magana sai hannunsa ya sauka a kan tebur. Gidajen haya biyu gare shi, maƙil da ɗalibai. Mutum ne mai zurfin ilmi, shi da bakinsa ya sha faɗa mana.

Ilmin ya ƙaru bara, da ya je Turai ganin 'yarsa Favour. Sati uku ya yi. A can ya ga wata maƙwabciyarta da likita ya hana cin duk abin da ke da gulutin, wato wani sinadari na cikin alkama, don yana ɓata mata hanji. Ita dai ciwo ne, baiwar Allah. Shi kuwa da ya ga yadda ake rawar jiki a kanta wajen cin abinci, sai ya gane lalurar manya ce, ya ɗauko abarsa ya taho da ita gida. Babu likitan da ya duba shi. 'Yan hayarsa suka sa masa Dokta Babu-Alkama, ya tsinci "Dokta" ɗin ya riƙa amsawa.

Burodi, cincin, fanke da taliya duk ya sallame su. Matarsa Rachel ta ce ai abin da sauƙi, tuwon dawa da ƙosan da ya ci ya girma a ƙauyensu babu ƙwayar alkama a ciki. Ya dube ta cike da tausayi. Ya ce abin da ba a rubuta a jikinsa ba ta yaya za a tabbatar? Tuwo yana da leda ne?

Sai ya tare a shagon Madam Akunna a Sabon Gari, inda ake samun wani biskit na ƙasar waje mai leda mai ƙyalli, babu alkama babu sukari. Zaƙinsa na wani sinadari ne daban. Akunna mace ce mai gaskiya. Ta juya ledar ta nuna masa ɗan ƙaramin rubutun da ya ce cin sa da yawa yana sakin ciki.

"Oga, biyu ya isa a rana, ka ji?"

"Madam, ina karanta Turanci tun ba a haife ki ba. Wannan gargaɗin na masu raunin ciki ne."

Leda guda yake tashi da ita kullum, kuma ciki bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya kumbura, ya riƙa ƙugi kamar injin niƙa, sauran bayanin kuma hanci ne ke karɓa. A Keke, fasinjan da ya ce Samaru za shi sai ya tuna yana da uzuri a Palladan. A coci aka bar masa benci guda shi kaɗai, ya koma gida yana gaya wa Rachel cewa jama'a sun fara sanin girman mutane. Da ta yi masa maganar cikin, ya ce gubar alkamar shekara sittin ce ke fita.

Ana nan sai zaɓen Ƙungiyar Masu Gidajen Haya na unguwa ya zo. Shekara takwas Dokta yana mafarkin kujerar nan, kuma tsakani da Allah ya ba ni tausayi, don tun da ya yi ritaya babu wanda ya miƙe tsaye saboda ya shigo. Har kati ya buga da "Shugaba" a ƙarƙashin sunansa. Zaɓen na layi ne: kowa ya tsaya bayan ɗan takararsa, wanda ba ya nan lokacin ƙirga ba shi da ƙuri'a. Abokiyar karawarsa Malama Liya ce, tsohuwar hedimistires.

Ran Asabar da hantsi aka taru a filin wata firamare. Bayan Dokta mutum sittin, bayan Liya talatin da ɗaya. Liya ta kawo wa nata kunu da ƙosai. Dokta ya sa aka sauke kwali uku na biskit ɗinsa, ya hau kan benci.

"Jama'a, ku dubi abin da ake ba mutane a wancan layin, a shekarar nan da muke ciki! Ni ba magudanar ruwa kaɗai zan gyara ba, har hanjinku zan wayar. Ku ci, kada wanda ya ji kunya."

Ba su ji kunyar ba kuwa. Yawancinsu ko karyawa ba su yi ba, ga abu na Turai, ga shi kyauta. Wani ya ci leda guda, wani biyu, Dokta ya ci uku don ya nuna misali.

Mista Paschal, jami'in da zai yi ƙirga, ya makara kamar yadda ya saba. Awa biyu ana tsaye a rana. Can sai layin Dokta ya fara magana ba da baki ba. Baba James mai katako, wanda ke tsaye daf da bayansa, ya ce yana zuwa, ya nufi bayan azuzuwa da wata irin tafiya ta taka-tsantsan. Biyu suka bi shi, sai biyar, sai goma a guje. Dokta ya riƙa kiran su da sunayensu, yana roƙon minti biyar kacal, gumi na tsiyaya, ya harɗe ƙafafu. Ya daure, wallahi ya daure, har Paschal ya iso ya fara ƙirga mutanen Liya. A kan na ashirin Dokta ya cire hula ya runtuma da gudu.

Paschal ya gama da talatin da ɗaya, ya juyo ɗaya ɓangaren, bai tarar da kowa ba sai ledoji. Ya rubuta sifili, har da ɗan takarar.

Banɗaki ɗaya ne a makarantar, ga mutum sittin jere a ƙofarsa. Dokta ya iso a dudduƙe, ya wuce gaba, ya ce a yi wa Allah a ba shugaba hanya. Baba James, riƙe da ciki, ya nuna masa ƙarshen layin.

"Dokta, tun safe muke tsaye a bayanka. Yanzu kai ma je ka tsaya a namu."