Yadda Za Ka Mallaki Kamfanin Ƙanwarka Ba Ka Taɓa Kwamfuta Ba

Kana wurin, kada ka ce ba ka nan. Kana zaune kan benci a ƙofar gidan su Sagiru a Takur ranar da ya fito yana kaɗa satifiket ɗin kamfani, ƙanwarsa Afra'u na raɓe a zaure kamar baƙuwa. Ka gani, ka sunkuya kana latsa waya. Tun da ka iya shiru haka, ka cancanci ƙarin karatu. Bi matakan nan yadda abokinka ya bi, na yi maka alkawari kai ma za ka zama mai kamfani ba ka san inda ake kunna kwamfuta ba.

1. Fara da raina aikin

Afra'u aikin ofis take yi wa mutane daga ɗakinta ta intanet: amsa imel, tsara lokutan ganawa, rubuta takardu. Kai kira shi danne-danne. Faɗa a gaban mahaifiya: "Umma, yarinyar nan idonta kawai take kashewa." Kada ka fasa sai ranar da ta kafa wa gidan sola. Daga nan sunansa "harkarmu".

2. Bari ita ta yi binciken

Babbar mai ba ta aiki, Madam Kaneng, mai dillancin kayan asibiti a Abuja, ta ce ba za ta sa hannu a yarjejeniya ba sai da kasuwanci mai rajista. Afra'u ta yi karatun ta natsu, ta zo ta durƙusa.

"Yaya, hanya uku ce. Ko rajistar sunan kasuwanci, ni kaɗai, ribar tawa, wahalar tawa. Ko haɗin gwiwa, a rubuta rabon kowa. Ko kamfani, shi kuwa mai hannun jari ne mai shi. Ni ta farkon ta ishe ni."

Yi dariya kamar ta Sagiru: "Sunan kasuwanci? Irin na masu cajin waya? Kamfani za mu buɗe, yarinya."

Sirrin sana'a: ba a haifi ɗan bokon da zai ji an ce "darakta" ƙirjinsa bai buɗe ba.

3. Ɗauko babba

Kada ka yi musu da ita, za ta kayar da kai. Aika garin Taura a zo da Kawu.

"Sunan mace a takardar gwamnati, yayanta na raye?" in ji Kawu. "Gobe ta yi aure miji ya kwashe. A sa na Sagiru, albarkar babba ce."

"Kawu, ai aikin..."

"Ai me, Afra'u?"

Za ta sunkuyar da kai. Kunya ita ce lauyanka, kuma ba ta karɓar ko sisi. In ta roƙi a rubuta nata rabon, dafe ƙirji: "Takarda tsakanina da ke? Ashe ɓarawo kika ɗauke ni?" Sannan hau babur ka je ka yo taka takardar.

4. Ba ta allon

Hannun jari duka naka, darakta kai. Amma sa wa kamfanin sunanta: Afra'u Tsara Ayyuka. Umma za ta yi ƙwalla ta ce samun ɗan'uwa irinka sai an tona.

5. Nuna waye mai gida

Ranar da ta ce za ta riƙa tsara lokutan aikinta da kanta, canja lambar sirrin imel ɗin kamfani ka karɓi ragama. Waya za ta yi ƙara.

"Malam Sagiru, ka sa mini ganawa da likitoci ranar Lahadi da safe, ina coci! Ina Afra'u?"

"Matsalar sabis ce, Madam."

"Sabis ɗin ne ya tura wa mutumin Kano takardar mutumin Legas? Ni Afra'u na sani. Ka dawo da ita kafin ƙarshen wata ko in nemi wata."

Kada ka damu. Yarjejeniyar da kamfani aka yi, kamfani kuwa kai ne. Ko Afra'u ta so ta fara sabo, sunan da aka san ta da shi yana hannunka. Sunan da ubanta ya raɗa mata ranar suna, yanzu sai ta roƙe ka kafin ta yi kasuwanci da shi. Barka, darakta.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu in aikin ya mutu, in ƙanwarka ta daina haɗa ido da kai, ko in an tambaye ka ranar da babu Kawu a gefenka.

Wasa ya ƙare. Juma'ar nan bayan an sauko masallaci za a zauna a zauren, Afra'u za ta nemi a mayar mata da hannun jarin kafin Madam Kaneng ta tafi. Ita kaɗai ce, Kawu kuma muryar namiji yake ji. Kai abokin Sagiru ne, ka san wanda ya yi aikin. Je ka zauna kusa da ita, ka jefa wayar nan a aljihu, ka buɗe baki.