Yadda Yayana Ya Rasu Yana Zaune a Falona

Jiya da hantsi Yayana ya iso gidana da babbar riga da sabuwar hula, ya zo tabbatar wa manya cewa yana raye. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa. Yanzu masu girma, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, sun ce duk tsohon ma'aikacin da bai nuna fuskarsa a shafinsu na intanet ba kafin sha biyun rana, sunansa ya koma jerin matattu, fansho ya tsaya.

Ni ya nufo don ina da rawuta, ɗan akwatin nan mai raba intanet a gida. Ita kuwa ranar ta zaɓa ta nuna hali: fitilarta ta yi kore, ta yi ja, ta koma kore. Na zare waya na mayar. Na ɗauke ta daga bayan talabijin na ɗora kan firji. Har hura mata iska na yi, jama'a!

Sai na ƙwala wa maƙwabcina mai gyaran waya kira, wanda muke ce wa Injiniya. Ya shiga saitinta ya ce, "Malam, duk layin nan kan tasha ɗaya kuke, kuna ta turereniya." Ya sauya tasha, kore ya zauna daram. Amma shafin hukuma ya ƙi buɗewa.

"Fayawol ne ya tare shi," in ji Injiniya. "Shi ne mai gadin cikin akwatin. Ya ce shafin nan ba abin yarda ba ne, takardar shaidarsa ta ƙare aiki tun bara."

Kun ji fa! Shafin da aka yi bikin buɗe shi da jerin motoci ba shi da shaidar kansa, shi ke neman shaidar Yaya.

"Sallami mai gadin," na ce. Haka muka buɗe gida wa kowane ɓarawo don masu girma su samu shiga.

Sha biyu saura minti goma shafi ya buɗe. Da me ya fara? Da hoton Ranka-ya-daɗe shugaban hukumar yana yanka ribon ranar bikin. Minti bakwai hoton yana saukowa, daga hula zuwa takalmi, muna kallo. Sannan kyamara ta kunnu, rubutu ya ce: ƙifta ido.

Yaya ya gyara zama, ya miƙe wuya, ya sandare, yadda ya saba tsayawa hoton hukuma tun yana saurayi.

"Yaya, ƙifta mana!"

Ta gefen baki ya amsa, "Kai, ba a motsi a hoton gwamnati. Lalacewa yake yi."

Kafin in rantse masa, sha biyu ta buga. Shafi ya rubuto: ba a ga alamar rai ba.

Injiniya ya fashe da dariya, ya dubi fuskar Yaya, ya haɗiye sauran. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai. Yaya ya cire sabuwar hular ya aje kan gwiwa ya ce, "To yanzu me zan ce wa matata? Kuɗin maganinta na wata muke jira."

Na mayar da fayawol bakin aikinsa. A iya sanina, shi kaɗai ne mai gadin da ya taɓa tare manya ya ce su nuna takarda, shi ma sai da muka kore shi.