Buhun da Ya Biyo Ni Masallaci

Ni ne shugaban kwamitin tsafta a layinmu na Kwaciri. Ran nan na kai buhun shara bolar ƙaramar hukuma, mai gadi ya ce an rufe, sai gobe. Ni, Alhaji guda, in koma gida da shara? Na yi ta kewaye a mota, har na samu wani lungu a Sabon Gari na wurgar.

Na manta buhun na shagona ne na kasuwar Kwari, ga sunana a jiki ɓaro-ɓaro.

Muna idar da la'asar sai ga wani dattijo a ƙofar masallaci, da buhun a bayan babur: "Alhaji, kayanka sun faɗi."

Har yau in na wuce majalisa sai an ce, "Shugaba, duba dai, ba ka yar da komai ba?"