Rasuwar Wayar Gwaji a Hawa na Uku

Zuciya a ɓace, ido a bushe, nake sanar da rasuwar tsohuwar wayarmu ta gwaji, wadda ta cika ranar Laraba a ofishinmu na unguwar Mirpur, ana cacar baki a kanta.

Marigayiya ba ta da kyau. Fuskarta a tsage, bayanta ɗaure da roba. Aikina shi ne in loda mata manhajarmu, wadda ke faɗa wa ungozomomin ƙauye yawan maganin da za a ba jariri, in ga yadda za ta yi. Ba ta taɓa yi mana kara ba. In abu ya yi nauyi, sai ta yi zafi, ta ce "ƙiiit", ta sandare.

Ciwon ajalinta gyara ne. Abokiyar aikinmu Rumana, da muke ce wa apa, wato yaya, ta gano manhajar na kuskuren awo ga jariran da ba su cika wata ba, ta gyara. Awo ya daidaita, amma marigayiya sai shayi ya huce kafin ta ba da amsa. Allon gwaji ya yi ja, alamar matsala, ga shi Alhamis za a saki manhajar.

"Cire gyaranki, apa," in ji Zubayer, shugabanmu, da muke ce wa bhai, wato ɗan'uwa. "Wa zai jira wannan?"

"Sai mu ba jariri maganin ƙato da sauri, ko bhai?"

"Ai a wayata kamar walƙiya yake."

"Wayarka ta fi albashin ungozoma."

Sai bhai ya miƙe, ya zare marigayiya daga layin gwaji. Allo ya koma kore. Gyara ya tsira, sauri bai ragu ba, tunda mai shaidar ta mutu. Apa ta kalli allon. Aka aika sayo singara, ɗan soye-soyen murna.

Ta rasu ta bar caja mai lanƙwasasshen baki, da ni, da 'yan'uwa irinta sak a hannun ungozomomi daga Bhola har Kurigram, waɗanda in waya ta sandare sai su auna magani da ido.

Za a kai gawa kasuwar Gulistan bayan la'asar, inda masu gyara za su rarraba kayan cikinta. Ba zaman makoki, kowa yana bikin sakin manhaja. Mai son yin ta'aziyya ya same ni a bakin matakala.

Su 'yan'uwan nata da ke ƙauye, wa zai je ya zare su?

Mithun Sardar, mai gwaji